HASKE NE ABINCIN MURJANI: Abin Da Ya Kamata Sabon Shiga Ya Sani Kafin Ya Sayi Fitila

Duk Bahaushen da ya ji an ce murjani, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne jajayen duwatsun nan da mata kan yi ado da su. Amma ba kowa ne ya san cewa murjani halitta ce mai rai ba. Wanda ake yin abin wuya da shi daga Bahar Rum ake tsamo shi, yana kuwa da dangi masu yawa a tekunan ƙasashe masu zafi. Waɗannan dangi nasa su ne kan taru su gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa, irin na gaɓar Ostareliya mai tsawon fiye da kilomita 2,000, da na Sanganeb a Bahar Maliya ta wajen Sudan, wanda Hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren da duniya ta gada a shekarar 2016.

Yau a Turai da Amurka da Asiya akwai ɗimbin mutane masu kiwon wannan murjani a gidajensu, cikin akwatin gilashi mai cike da ruwan gishiri. A shekarun 1960 wani mutumin Jakarta mai suna Lee Chin Eng ya nuna cewa ana iya raya halittun teku a gida da ruwan teku da duwatsunsa da hasken rana. Wajen shekarar 1980 kuma Dietrich Stüber na birnin Balin a Jamus ya ga murjani mai rassa da ake kira Acropora yana girma a akwatinsa, abin da a da ake ganin ba zai yiwu ba. Tun daga wancan lokaci har yau, babu abin da ya fi cinye kuɗin sabon shiga, ya kuma fi ruɗa shi, kamar sha'anin fitila.

Dalili kuwa shi ne, a jikin murjanin akwai wasu 'yan mitsi-mitsin tsire-tsire, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke karɓar haske su haɗa abinci kamar yadda ganyen itace ke yi, su ba murjanin mafi yawan abin da yake rayuwa a kai, shi kuma ya ba su masauki. In haske ya yi kaɗan, sai murjanin ya yi duhu ya daina girma. In kuwa haske ko zafi ya yi yawa, sai ya kori baƙin nasa ya koma fari fat, in ba a yi sa'a ba ya mutu. Zafin ruwa ne ya jawo irin wannan a tsaunin murjanin Ostareliya a 1998 da 2016 da 2017 da 2024.

To, ba kowane haske ne ke yi masa amfani ba. Ruwan teku yakan shanye jan haske tun daga 'yan mitoci kaɗan na sama, amma shuɗin haske yakan ratsa har can ƙasa, shi ne kuwa wanda tsire-tsiren suka fi mora. Saboda haka farin ƙwan lantarki na ɗaki, komai ƙarfinsa a ido, ba shi ne abin nema ba. Abin da yakan jawo sau da yawa shi ne koren gansakuka ya rufe gilashi da duwatsu.

Fitilun da ake amfani da su iri uku ne. Ta farko ita ce ta halaid, wadda ta daɗe tana tashe. Haskenta na da ƙarfi ƙwarai, amma tana shan wuta, tana kuma dafa ruwa. Ta biyu ita ce doguwar fitila siririya da ake kira T5, wadda ke baza haske daidai wa daida, sai dai dole a riƙa sake ƙwayayenta kusan kowace shekara. Ta uku ita ce LED, wadda ta samo asali daga aikin wasu masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda suka ƙera shuɗiyar LED mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, aka kuma ba su lambar Nobel a 2014. Ita ce yawancin sababbin shiga ke saye yanzu.

Lissafin kuwa a fili yake. Fitilar halaid mai wat 250, in aka kunna ta awa 10 kullum, za ta sha yunit 75 na lantarki a wata. Ta LED mai wat 100 kuwa yunit 30 za ta sha. Ban da wannan, murjani ya fi son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27. A ƙasa mai zafi irin Nijeriya, wanda ya ɗora fitila mai dafa ruwa sai ya sake sayen na'urar sanyaya shi, watau kashe kuɗi sau biyu ke nan.

Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya sayi fitila tukuna sannan ya yi tunanin abin da zai ajiye. Kamata ya yi ya fara zaɓen murjanin. Masu wannan harka suna auna hasken da tsiro ke iya amfani da shi da ma'aunin da suke kira PAR. Murjani mai taushi, wanda ba shi da ƙashi, yakan wadatu da kimanin 50 zuwa 150, yana kuma jure wa kurakurai. Mai rassa irin na Stüber kuwa yakan nemi 200 zuwa 400, ga shi da saurin mutuwa. Wanda ya fara da mai taushi a ƙaramin akwati mara zurfi, ba shi da bukatar fitila mai tsada ko kusa.

Amma fa masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Kafin mai saye ya miƙa kuɗinsa, sai ya tabbata cewa fitilar ta ruwan gishiri ce, ba ta kifin ruwan daɗi ba. Ya duba ko ana iya rage ƙarfinta da ƙarawa, shuɗi dabam fari dabam. Ya duba ko haskenta zai kai kowace kusurwa ta akwatin, ko kuma jikinta na fitar da zafi yadda ya kamata, domin zafi da raɓar gishiri su ne ke kashe LED kafin lokacinta. Kada ya dogara da yawan wat ɗin da aka rubuta a kwali.

Bayan an ɗora fitila kuma sai haƙuri. A fara da rabin ƙarfinta ko ƙasa da haka, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni, domin yawan haske ya fi ƙarancinsa saurin kisa. Awa 8 zuwa 10 a rana sun isa, a kuma sa agogo mai kunnawa da kashewa don lokacin ya zama ɗaya kullum. In wuta ta ɗauke, murjani na iya kwana biyu ko uku ba haske, amma in ruwa ya tsaya cik, iskar cikinsa takan ƙare cikin awowi. Mai batir ɗaya, famfo ya kamata ya ba, ba fitila ba.

Daga ƙarshe, ya kamata a tuna cewa abin da ke cikin akwatin nan rai ne. Murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba a ƙetare iyakar ƙasa da shi sai da takardar izni. Mafi alheri shi ne a sayi reshen da aka raya a hannun wani mai kiwo, ba wanda aka fasa daga teku ba. Wanda ya ga aljihunsa bai kai ga fitilar kirki ba tukuna, gara ya fara da kifi da duwatsu kawai, ya bar murjani sai ranar da ya shirya masa haskensa.