Gyaran Shakazobar Gaba ta Tsohon Babur: Abin da Ke Gaskiya da Abin da Ba Shi Ba

Shakazobar gaba ita ce ƙafafu biyun nan da ke riƙe da tayar gaban babur. Kowace ƙafa bututu biyu ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya: na sama ƙarfe ne mai santsi da ƙyalli, na ƙasa kuma shi ne kube. A ciki akwai sifirin, da wata sanda mai ƙananan huji, da mai. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, amma man da ake matsawa ta cikin hujin nan shi ke hana babur tsalle bayan ya faɗa rami. A bakin kuben akwai zoben roba da makanikai ke kira sil, wanda ke tsare man. Wannan tsari ya daɗe. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da shi a kan babur ɗinsa R12 tun 1935, kuma shi ne dai a jikin Jincheng da Boxer da tsofaffin Honda da ke zirga-zirga tsakanin Ƙofar Ƙaura da Babbar Kasuwar Katsina.

Maganar da ta fi yawo a bakin 'yan acaɓa ita ce wai man shakazoba ba ya mutuwa, tunda ba ya ƙonewa kamar na inji. Ba haka ba ne. Ƙarfe na gogar ƙarfe a ciki, ɓurɓushinsa na zuba a man, ga ƙurar hunturu da ruwan damina da ke kutsawa ta sil idan ya tsufa. Duk wanda ya ga an juye tsohuwar shakazoba ya san abin da ke fitowa: ruwa baƙi, mai wari, mai kama da laka. Babur ɗin da ke bin hanyoyin ƙauyukan Batsari ko Kaita ya fi na cikin gari saurin kaiwa wannan hali.

Batun irin man da za a zuba kuwa, akwai gaskiya a ciki, akwai kuskure. Masu cewa ana iya sa man inji ba ƙage suka yi ba, domin wasu littattafan tsofaffin baburan Japan sun yarda da man inji mai tsinkewa, wasu kuma da jan man giyar mota mai sarrafa kanta. Amma man inji mai kauri da aka saba sayarwa a bakin titi yana sa gaban babur ya yi tauri, musamman da sanyin safiya. Abin da ya fi dacewa shi ne man shakazoba na ainihi, mai lamba 10W ko 15W. Baƙin man da aka juye daga inji bai da wurin zama a nan ko kaɗan. Mafi muni shi ne man birki, wanda wasu ke rantsuwa yana sa laushi: yana lalata robar sil, yana kuma jan ruwa, ruwan ya haifar da tsatsa.

Haka zancen cewa cika man har baki yana ƙara ƙarfi ba shi da tushe. Iskar da aka bari a sama tana da aikinta, domin ita ke matsuwa idan ƙafar ta nutse. In babu ita, sai man ya nemi hanyar fita, kuma sil ne zai fara fashewa. A ƙananan babura abin da kowace ƙafa ke ɗauka bai kai rubu'in lita ba, kuma dole awon ya zama ɗaya a ƙafafun biyu.

Akwai kuma masu ganin yoyon shakazoba ƙazanta ce kawai, a ɗaura tsumma a ci gaba da nema. Wannan ita ce jita-jitar da ta fi haɗari. Man da ke zuba yana gangarawa zuwa birki da taya, ƙafar da ta bushe kuma tana sa tayar gaba ta riƙa rabuwa da ƙasa a kan gargada, daidai lokacin da ake buƙatar ta kama. Canza sil ba ya wadatarwa idan bututun ya yi zanzanar tsatsa, saboda kaifin ramukan zai yanke sabon cikin 'yan makonni. Ƙaramin tabo ana iya goge shi da takardar yashi mai laushi sosai. Wanda ya yi zurfi sai an sauya bututun.

Miƙe bututun da ya lanƙwashe bayan haɗari yana yiwuwa idan karkatar kaɗan ce, aka kuma yi ta da injin matsi ba tare da wuta ba. Gasa shi a wurin mai walda a buga da guduma yana kashe ƙarfin ƙarfen, yana ɓare santsinsa. Bututun da ya yi ƙugu, ko alamar ninki ta fito a jikinsa, ya gama aiki. Gwajin mai sauƙi ne: a mirgina shi a kan gilashi shimfiɗaɗɗe, karkata ba ta ɓuya. Jan sifirin da ya gaji don ya ƙara tsawo shi ma aikin banza ne, zai koma yadda yake.

Daga ƙarshe, ba kowace rawar kai ce laifin shakazoba ba. Sau da yawa boris ɗin wuyan babur ne ya ci, ko na tayar gaba, ko iskar taya ce ta yi ƙasa. Bakaniken da ya san aikinsa yakan ɗaga gaban babur, ya kama ƙafafun biyu ya jijjiga su gaba da baya. In ya ji ƙwas-ƙwas daga wuya, can zai fara kwancewa kafin ya taɓa mai ko sil.