Sihirin Da Ke Cikin Wayar Yaranmu: Lissafi Ne, Amma Akwai Mai Karɓar Kuɗi A Bakin Ƙofa

A hutun Babbar Sallar da ta gabata na sauka a gidan yayana da ke unguwar Fadaman Mada a birnin Bauchi. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, mutum mai tsantseni, wanda kwabo ba ya fita daga aljihunsa bai rubuta ba. Bayan sallar Isha'i ya ja ni gefe ya ce abubuwa biyu ne suka hana shi barci game da ɗansa mai shekara 14. Na farko, ya ji yaron da abokansa suna zancen wai wane ya ƙware a sihirin wuta, wane kuma sihirinsa ya ƙare ana tsakiyar yaƙi. Na biyu, wanda ya ambata daga ƙarshe kamar abin da bai taka kara ya karya ba, ya lura wasu 'yan kuɗaɗe suna zurarewa daga asusunsa na banki zuwa ga wani mutum da bai sani ba.

Na farkon ne ya fi tayar wa Yaya da hankali. Amma bayan na kwashe kwana uku ina zaune kusa da yaron ina kallon abin da yake yi, sai na gane cewa na biyun ne abin tsoro, kuma ba a fahimtarsa sai an fara fahimtar na farkon.

Wane irin wasa ne?

Wanda ya leƙa gidajen gem da ke Wunti, ko Yelwa kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Gwallameji, ƙwallon ƙafa zai fi gani a allon talabijin. Wasan da muke magana a kansa ya fi zama a cikin waya da kwamfutar tafi-da-gidanka. A cikinsa mai wasa yakan shiga rigar jarumin wani labari, ya zama mayaƙi, ko maharbi, ko matsafi, ya ratsa dazuzzuka da kogunan dodanni, ƙarfinsa yana ƙaruwa mataki-mataki. Wanda ya taɓa karanta littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya riga ya san yanayin duniyar.

Tushen waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, da takarda da fensir da 'ya'yan ludo. Tun a lokacin suka ci karo da wata matsala: idan matsafi zai iya watsa wuta duk sa'ar da ya ga dama, wa zai yarda ya zama mai takobi? Duk tsarin sihirin da ake gani a wasannin yau amsa ce ga wannan tambaya. Ma'aikacin da ya taɓa zaman kare kasafin kuɗi zai gane amsar nan take, domin ba kome ba ce illa ƙayyade abin da za a kashe.

Hanyoyi uku na ɗaure matsafi

Hanya ta farko ita ce ta gurbi. Gygax ya aro ta daga littafin Jack Vance mai suna The Dying Earth na 1950, inda matsafi ke haddace 'yan sihirori kaɗan, kuma da zarar ya jefa ɗaya sai ya goge daga ƙwaƙwalwarsa. Wasan Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023, yana bin wani nau'in wannan tsari. Sabon matsafi yana farawa ne da gurbi biyu kacal. Idan ya ƙarar da su, sai dai ya lallaɓa da ƙananan dabarun da ba sa cin gurbi, har lokacin da ayarinsa zai yada zango ya yi dogon hutu, shi ma hutun yana cin guzuri. Sai ya kai mataki na biyar yake samun shahararren dunƙulen wuta, wanda ake lissafa ɓarnarsa da jefa ɗan ludo mai fuska shida har guda takwas, wato tsakanin maki 8 da 48. Wutar kuma ba ta san aboki ba: wanda ke tsaye a wurin, ko na gida ne, sai ta lashe shi. Wannan shi ne tsarin ambulan da ma'aikatu suka sani. An ba ka kasonka, ba ƙari sai an shiga sabon zango.

Hanya ta biyu ita ce ta ma'aunin ƙarfi, wanda 'yan wasa ke kira "mana". Kalmar ba ta da dangantaka da "mana" ta Hausa. Daga harsunan tsibiran tekun Fasifik ta fito, kuma Robert Codrington, wani ɗan mishan Bature, ya yi bayaninta a littafinsa na 1891 kan mutanen Melanesiya. Marubuci Larry Niven ne, a wani gajeren labari na 1969, ya mayar da ita wani abu mai ƙarewa kamar man fetur. A wasan Skyrim na 2011, galibin jarumai kan fara da maki 100 na lafiya, 100 na kuzari, 100 na ƙarfin sihiri. Kowane sihiri yana da farashi, ma'aunin kuma yana sake cika a hankali. Duk lokacin da jarumi ya ƙara mataki, maki 10 ake ba shi, ya zuba a ɗaya daga cikin ukun. A Elden Ring na 2022 kuwa, ana ba mai wasa 'yan kwalabe ƙidayayyu, shi zai raba su tsakanin ja mai warkar da rauni da shuɗi mai maido da ƙarfin sihiri. Abin da ya ƙara wa wannan, daga wancan ya rage, kamar mai karkatar da kuɗi daga wani sashe na kasafi zuwa wani.

Hanya ta uku ita ce ta lokacin hucewa. A World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, bayan an jefa yawancin sihirori akan jira kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi kafin a jefa wani, manyan kuwa sai an jira mintuna. Wasu ma suna ɗaukar lokaci kafin su fita, kuma abokin gaba na iya katse su a hanya.

Da na tambayi yaron dalilin da ya sa bai saki babban makaminsa a kan wasu ƙananan dodanni ba, sai ya kalle ni kamar na yi saɓo ya ce, "Haba Baffa, in na ƙarar a nan, da me zan tari sarkinsu?" Ashe tattali yake koya, bai sani ba.

Mu ma haka labaranmu suke

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. A labaran da muka taso muna ji, babu layar zana ko maganin ƙarfe da ba shi da sharaɗi, kuma kowane asiri da makarinsa. Jarumin da ba a iya kayarwa ba ya da labari. A gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya daga Zariya, wadda ta haifar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin Midil ta Bauchi a wancan zamani, an samu kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda aljannu ke kai-komo a cikinsu. An karantar da su a makarantunmu shekara da shekaru, ba wanda ya fita daga aji ya zama boka.

Duk da haka, fargabar Yaya ba tasa ba ce shi kaɗai. A Amurka, wata uwa mai suna Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da Dungeons & Dragons a 1983, kuma matsin lambar wancan lokaci ya sa kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. A 2001 malaman Saudiyya sun haramta Pokémon, kuma caca na cikin dalilan da suka bayar. Hukuncin irin waɗannan wasanni na malamai ne, ba na ɗan jarida ba. Akwai kuma waɗanda ke ɗauke da gumaka, da zubar da jini, da tsiraici. Skyrim da Baldur's Gate 3 duka an yi masu alamar shekara 18 a Turai, don haka uban da ya hana ɗansa su bai yi zalunci ba. Abin da idona ya gane mini dai shi ne, babu wani surkulle da yaro ke koya ko yake furtawa. Maɓalli yake dannawa, kwamfuta ta yi ɗebewa da tarawa.

Inda gizo ke saƙar

Wasannin da na ambata a sama, ƙa'idojin sihirinsu an kafa su ne domin wasa ya yi armashi. Amma akasarin waɗanda ke cikin wayoyin yaranmu kyauta ake sauke su, kuma dole masu su su ci riba ta wata hanya. Sai suka gano cewa ƙa'idar da ke ɗaure matsafi haja ce ta sayarwa. Ƙarfinka ya ƙare? Ka jira gobe, ko ka biya yanzu. Wato an buɗe ƙofar ƙarin kasafi, amma daga aljihun uba.

Genshin Impact, wanda wani kamfanin birnin Shanghai na ƙasar Sin ya fitar a 2020, misali ne da alƙalumansa ke a bayyane. Ma'aunin da ake kashewa wajen karɓar lada yana ƙaruwa da maki ɗaya duk minti takwas, don haka cika maki 200 na ɗaukar sa'a 26 da minti 40, sai fa in an cika shi da duwatsun wasan, waɗanda ake tarawa a hankali ko a saya da kuɗi. Manyan jarumai kuma ba kai-tsaye ake sayensu ba, akwatin sa'a ake ja. Kowane ja yana cin dutse 160, damar samun jarumi mai tauraro biyar tana farawa ne daga kashi 0.6 cikin 100, kuma sai a ja na 90 ake ba da tabbaci, wato dutse 14,400. Ko a nan ma, mai yiwuwa ba wanda ake nema ne zai fito ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun farga. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ayyana akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a matsayin caca. A watan Agustan 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet zuwa sa'a uku a mako. A Janairun 2025 kamfanin da ke rarraba Genshin Impact ya amince ya biya dala miliyan 20 ga hukumar kula da ciniki ta Amurka, tare da daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatin sa'a ba da yardar iyaye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya jarabar wasan bidiyo a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022.

Wa ke da alhaki a nan gida?

A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai. Ke nan idan akwatin sa'a caca ne, to a Bauchi magana ta koma hannun Majalisar Dokokin jiha. Idan kuwa haja ce da ake sayar wa yaro ba tare da ya san ainihin farashinta ba, to ta shafi hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Masu rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara ya kamata su fara da wannan tambaya, domin abin da ba a raɗa wa suna ba, ba mai ɗaukar nauyinsa.

Kafin nan, aikin na iyaye ne. A duba alamar shekarun wasa kafin a sauke shi. A kulle sayayya a waya da kalmar sirri, kada kuma yaro ya san lambar sirrin manhajar banki. Sannan a zauna da shi a yi masa tambayoyi biyu: idan ƙarfinka ya ƙare, me ke maido da shi? Kuma jarumin da kake so, da ƙoƙari ake samunsa ko da sa'a? Idan amsar ita ce haƙuri da dabara, da sauƙi. Idan kuɗi ne da sa'a, to a yi hattara.

A gidan Yaya, bincike ya nuna wa wani dillalin intanet yaron ke tura kuɗin, shi kuma yana loda masa lu'ulu'un wani wasan yaƙi. Da aka tara, sun kai na cefanen mako guda. An canja lambar sirri, an goge wancan wasan, an bar masa wani wanda ba a sayar da kome a cikinsa, sa'a ɗaya a rana bayan ya dawo daga Islamiyya. Ranar da zan koma Abuja na tarar da uban da ɗan a tsakar gida sun haɗa kai a kan waya, suna gardama a kan ko a sha kwalbar ƙarshe yanzu ko a adana ta. Yaya, kamar yadda ya saba, cewa yake a adana.