Jan Ruwa a Jikin Dafaffiyar Kaza: A Ci ko A Bari?

Uwargida mai juna biyu, kin taɓa yagar cinyar kaza bayan an sauke tukunya, kika ga ja a gindin ƙashi? Akan ɗauka jini ne, amma yawancin jinin kaza yana fita tun wurin yanka. Wannan launi daga ɓargo yake. Kajin gidan gona ana yanka su suna da mako 6 zuwa 8, ƙashinsu bai yi ƙwari ba, sai ɓargon ya tsattsafo wurin dahuwa, musamman kazar da ta daskare a firji. Idan tsokar ta dahu, ba ya cutarwa.

Haɗarin yana ga kazar da wuta ta ƙona bayanta ta bar cikinta ɗanye, ko gashin gida ne ko tsarabar maigida daga Tashar Yari ko Hunkuyi. Ƙwayar cutar Salmonella tana kawo gudawa, amai da zazzaɓi, waɗanda kan ƙarar da ruwan jikin mai ciki, har su iya jawo naƙuda kafin lokaci.

Saboda haka ki tsaga cinyar har ƙashi. Idan tsokar tana da santsi irin na ɗanyen nama, ko jan ruwa yana fitowa daga cikinta, mayar da ita wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin cikin nama ya kai digiri 70. Wadda aka sayo a hanya, a sake tafasa ta a romo.

Idan gudawa ko zazzaɓi ya biyo baya, a garzaya asibiti mafi kusa, kada a tsaya shan magani a gida.