Ciwon Sanyi: Yadda Rabin Magani Ke Ƙarfafa Ƙwayar Cuta

A garinmu Ruwan Godiya, da sauran garuruwan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, akwai cutar da ake rage murya in za a ambace ta, wato ciwon sanyi. Wanda ya ji zafin fitsari ko ya ga mugunya na fita daga gabansa, da wuya ya nufi asibiti. Ga kunya, ga tsadar mota, ga fargabar hanyar Funtuwa saboda 'yan bindiga. Sai ya lallaɓa kemis da almuru, ya sayi kafso ja-da-yalo na kwana biyu, zafi na lafawa ya daina sha. Ina so in nuna cewa wannan rabin magani yana taimakon ƙwayar cutar, kuma ƙarfin da ta samu tana bar wa zuriyarta gado.

Bakteriyar da ke haddasa cutar, wani likita Bajamushe, Albert Neisser, ya gano ta a 1879. Kamar kowace halitta, tana ɗauke da kundin gado da masana ke kira DNA, inda aka rubuta yadda jikinta zai kasance. Ta hanyoyi uku take sauya wannan kundi har magani ya kasa cin ta.

Hanya ta farko kuskuren kwafi ce. Duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu, sai ta kwafe kundinta, wani sa'in kuma harafi guda ya sauya. Maganin sifro, misali, yana kama wani sinadari ne da sashen gado mai suna gyrA ke ƙerawa. Idan sauyin ya faɗa a wannan sashe, maganin ba ya samun wurin riƙewa da kyau. Magani kaɗan yana kashe raunana, ya share wa mai sauyin fili ta hayayyafa. Abin da ya sa Amurka ta daina ba da shawarar dangin sifro kan ciwon sanyi tun 2007 ke nan.

Hanya ta biyu aro ce. Bakteriya na miƙa wa juna wasu ƙananan zobba na gado da ake kira filasmid. A 1976 aka samu ƙwayar sanyi a Ingila da Amurka ɗauke da zoben da ke ba ta sinadarin narkar da fenisilin. Wadda aka samu a Ingila an danganta asalinta da Afirka ta Yamma, har yau kuma masana na kiran irin wannan zobe "na Afirka". Ashe matsalar ba baƙuwa ba ce a yankinmu. A 1985 aka sake gano wani zoben mai ɗauke da tetM, wanda ya karya lagon tetirasaikilin, wato ja-da-yalon da har yanzu ake tallarsa a kasuwanninmu.

Hanya ta uku ita ta fi ba ni tsoro. Ƙwayar sanyi na iya tsintar guntayen gado daga 'yan uwanta marasa cutarwa da ke zaune a maƙogwaron kowannenmu, ta ɗinka su cikin nata kundin kamar facin riga. Da haka sashen penA ya sauya, har a 2009 aka samu a birnin Kyoto na Japan ƙwayar da ta gagari allurar seftiriyazon, wadda ita ce babban makamin da ya rage wa likitoci. A 2018 aka samu wani mutum a Ingila da cutarsa ta bijire wa wannan allura da azitiromaisin gaba ɗaya. Ma'ana, ko kafson da muke sha barkatai don mura yana horar da mazauna maƙogwaro, su kuma su ba ƙwayar sanyi aron makami.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an samu sababbin kamuwa kimanin miliyan 82 a 2020. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne gidajenmu. Mata da yawa ba sa ganin alama, cutar na ta hawa har ta toshe hanyar ƙwai. Haihuwa ta tsaya, a ɗora wa matar laifi, a yi mata kishiya, ita ma ta ɗauka. Jaririn da ya ratso ta cikin cutar kuwa yana iya makancewa. A wani ɓangaren kuma, mun mayar da kalmar "sanyi" buhun da ake zuba kowane ƙaiƙayi, alhali wasunsu ba bakteriya ke kawo su ba, kafso ba ya yi musu komai.

A Disambar 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da sababbin magunguna biyu na wannan cuta, sai dai kafin su iso Faskari da sauran tafiya, kuma su ma rabin sha zai iya lalata su. Don haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Katsina ta wadata asibitocin yankin da kayan gwajin da ke nuna maganin da ke cin ƙwayar. Hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta sa ido kan sayar da kafso ba takardar likita. Malamanmu su sanya zancen a wa'azi, domin kare lafiyar iyali amana ce. Magidanci kuma, in ya kamu, ya je a duba shi tare da matansa duka, a kammala magani kafin a koma shimfiɗa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.