Labarin masu koyon Ibraniyanci da Suryaniyanci a Masar

Bismillahi. Bayan haka, ku sani a shekarar 1908 aka buɗe Jami'ar Masar a Alƙahira. Cikin malamanta akwai wani Bajamushe, Littmann, mai karantar da Suryaniyanci da Ibraniyanci, yana gwada su da Larabci. Cikin almajiransa har da Ɗaha Husaini, makaho, wanda ya soma karatu a Azhar.

Mai wannan karatu yana iya duba Attaura da Zabura da idonsa, ba ta bakin tafinta ba. Harsunan dangi ne: Balarabe ya ce baiti, Bayahude ya ce bayit. Wanda ya sha nahawu ba ya wahala ƙwarai. Amma Linjilar da ke hannun Nasara da Yunananci take, nan kam sai an koma babbaƙu.

Magidanci yakan ji tsoron ɗansa ya komo da shakka. Ba tsoron banza ba ne, don littafin Ɗaha na 1926 kan waƙoƙin Jahiliyya har ƙararsa aka kai. Masu yarda suna kafa hujja da Zaidu ɗan Sabitu, wanda Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya umarta ya koyi rubutun Yahudawa, ya iya kafin rabin wata. Sai dai shi don wasiƙu ya koya.

Tamat.