Za Ka Tafi Birni? Ga Yadda Za Ka Shirya Kanka Da Kayanka



Hutu ya kusa, kuma da yawa daga cikinmu za su je Gusau, Sakkwato ko Kano wajen 'yan uwa. Shi ya sa na ga ya dace in yi mana bayani a kan shigar da ta kamata mutum ya yi da kayan da zai ɗauka, don kada kowa ya gane shi baƙo ne tun daga nesa.

A dogon hutun bara na bi kawuna daga nan Talata Mafara zuwa Kano, zai saro atamfa a Kantin Kwari. Don murna na sa shaddata ta Sallah mai ƙyalli da sabon takalmi sau-ciki, na cika jakar gana-mas-go da kusan duk kayana. Da muka sauka a tasha, kawu ya je alwala ya bar ni da kaya. Nan da nan masu ɗaukar kaya da masu Adaidaita Sahu suka kewaye ni, wani ma ya faɗa mini kuɗin da ya ninka na gaskiya. Da kawu ya dawo sai ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ai kayanka ne suka tona ka tun kafin ka buɗe baki." Kafin dare kuma takalmin ya yi mini bororo a dunduniya.

Me ya sa ake son sajewa da 'yan gari?

Ba don zama ɗan ƙauye abin kunya ba ne. Dalili shi ne 'yan sane da masu ƙwacen waya baƙo suke nema, domin sun san bai san hanya ba, kuma sau da yawa da kuɗi a jikinsa. Wasu 'yan kasuwa ma sukan tsawwala farashi idan sun ga baƙo.

Tufafi

A ranar da ba Juma'a ba kuma ba Sallah ba, yawancin samarin birni kaftani marar nauyi da wando suke sawa, ko riga da wando na kanti. Don haka ka sa kaya masu tsafta waɗanda ka saba da su, ka ajiye na kwalliya sai ranar biki. 'Yan uwana mata, atamfa da hijabi ko abaya sun wadatar, kada a cika sarƙa da awarwaro masu jan ido. Kada ka yi tafiya da sabon takalmi, domin a kasuwa kamar Kwari ko Kurmi za ka yi yawo da ƙafa sosai. Idan lokacin hunturu ne, wato daga Disamba zuwa Fabrairu, ka riƙe rigar sanyi da man shafawa. Idan damina ce, ka sa kayanka cikin leda kafin ka zuba su a jaka.

Jaka

Jakarka ta makaranta ta goyo ta isa tafiyar mako guda. Ka sa kaya kala uku, da soso da sabulu, da buroshi ko asuwaki, da silifas. Idan sun yi datti ka wanke. Tsarabar gida kamar shinkafa, ƙuli-ƙuli ko albasa a ɗaure ta daban, a kai ta masauki kai tsaye, kada a shiga kasuwa da ita. A cikin cunkoso ka juyo da jakarka gaba.

Kuɗi da waya

Ka raba kuɗinka gida biyu. Canji na hawa abin hawa a aljihun gaba, sauran a aljihun ciki. Kada ka ƙirga kuɗi a bakin titi, kada ka riƙe waya a hannu kana kalle-kalle. Abu mafi muhimmanci, ka rubuta sunan unguwar da ka sauka da lambar wayar mai masaukinka a takarda, ka sa a aljihu tare da katin shaidarka na makaranta. Waya tana mutuwa, takarda kuwa ba ta buƙatar caji.

Tafiya da magana

Ka tambayi mai masaukinka kuɗin abin hawa kafin ka fita. A Kano abin da muke kira kabu-kabu su acaba suke cewa, kuma tun shekarar 2013 gwamnati ta hana su ɗaukar fasinja a cikin birni, don haka Adaidaita Sahu za ka fi hawa. Kada ka tsaya tsakiyar hanya kana ɗaga kai kana kallon gada. Idan ka ɓace, ka tambayi dattijo mai shago ko ka shiga masallaci, kada ka bi wanda ya zo da kansa ya ce zai raka ka.

Harshe kuwa ba ya ɓoyuwa. Mu muna cewa "wanga" da "tahi", Kanawa suna cewa "wannan" da "tafi". Ɗan kawuna ya yi ta tsokana ta, ni ma na rama. Kada ka wahalar da kanka wajen canza Hausarka, ka dai yi sallama da ladabi da natsuwa.

A ƙarshe, a yi tafiya da rana tare da babba, a kuma yi addu'ar tafiya. Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, amin.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.