Kuɗin kirifto: mai sayar da tikiti zai karɓa?

Ran nan a cikin shirinmu na safe, wata hajiya mai fataucin albasa ta bugo mana waya daga wajen Madawa. Ɗanta da ke Abijan ya yi alkawarin biya mata kujerar Umra, amma ya ce kuɗin suna cikin salularsa, irin waɗanda ake kira kirifto, ta je ta tambayi mai kamfanin tafiye-tafiye ko yana karɓa. Hajiya ta ce mini: "Ɗana, kuɗin da ban ƙirga da hannuna ba, ina zan san sun cika?" Mun yi dariya, amma fa tambayarta ba ta wasa ba ce.

Duk wanda ya san Madawa da Buza da Keita ya san da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wani nasu ya tafi ci-rani ba, ko Kwaddebuwa, ko Libiya, ko Nijeriya. Kuɗin mota da na asibiti da na aikin hajji sau da yawa daga can suke fitowa, ta hannun kamfanoni irin su NITA da Amana da Al-Izza. Da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyakoki, aka tsaida hulɗar bankuna, har zuwa Fabrairun 2024, 'yan kasuwa sun ga yadda hanyar kuɗi ke toshewa dare ɗaya. Wannan ne ya sa maganar samari masu cewa akwai kuɗin da ba su san iyaka ba take shiga kunne.

To mene ne kirifton? Kuɗi ne na intanet, ba takarda ba ƙarfe, kuma babu bankin gwamnati da ya buga su. Na farkonsu Bitcoin ne, wanda ya fito a 2009. Ana ajiye su a asusun salula, a tura daga wannan lamba zuwa waccan cikin 'yan mintoci. Wanda 'yan canji suka fi mu'amala da shi kuwa shi ne USDT, domin an ɗaure farashinsa da dalar Amurka.

Masu harkar tafiye-tafiye sun daɗe da gwada abin. Kamfanin CheapAir na Amurka ya fara sayar da tikitin jirgi da Bitcoin a 2013, kamfanin jiragen airBaltic ya biyo baya a 2014. Expedia, wanda yake babba ne wajen kama ɗakin otel, ya karɓa a 2014, ya daina a 2018. Abin da samarinmu ba sa faɗa shi ne, yawancin irin waɗannan kamfanoni ba sa kwana da kirifto a hannu. Akwai dillali a tsakiya da ke juya shi nan take zuwa dala ko yuro.

Dalili kuwa, ke hajiya mai albasa kin fi kowa saninsa. Kayan da farashinsu ke tashi yau ya faɗi gobe, ba a karɓarsu a matsayin kuɗin wani aiki da za a yi bayan wata uku. A Nuwamban 2021 Bitcoin ɗaya ya kai kusan dala 69,000. Shekara guda bayan haka ya faɗo ƙasa da dala 16,000. A Disamban 2024 kuma ya haura 100,000. Ku ɗauka mai kamfani ya karɓi kuɗin alhazai goma, ya ajiye, ranar biyan jirgi da masauki a Makka ta zo, ya tarar kashi ɗaya cikin uku ya narke. Balarabe riyal yake so, cikakke. Wa zai cika giɓin? Idan kuma tafiyar ta fasa, me za a mayar wa maniyyaci: adadin kirifton da ya bayar, ko darajarsa ta ranar da ya biya? Nan ne zumunci ke ɓaci. Ko wanda aka ce an ɗaure da dala ma ba a rantsuwa a kansa, domin wani mai suna TerraUSD ya rushe a Mayun 2022, ya tafi da dukiyar jama'a.

Sai kuma babbar matsala: abin da aka tura ya tafi ke nan. Idan ka kuskure harafi ɗaya a lambar asusu, babu gishe ɗin da za ka je ka yi kuka. Mai karɓa kuma kada ya yarda da hoton da aka nuna masa a salula cewa an biya, sai ya ga kuɗin a nasa asusun. A ƙauyukan da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ta fuskar doka, a Nijar sefa ce kuɗin da hukuma ta sani, wadda bankin BCEAO ke bugawa, yuro ɗaya a kusan sefa 656. Nijeriya kuwa ta sha juyi. Babban bankinta ya hana bankuna taɓa harkar a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disamban 2023, sannan a Fabrairun 2024 aka tsare jami'an kamfanin Binance biyu a Abuja, kamfanin ya daina hulɗa da naira. A 2025 ne aka sa hannu kan dokar da ta sa harkar ƙarƙashin hukumar kula da hannun jari. A shekarar dai, cikin Afrilu, wani dandali mai suna CBEX da ya yi wa mutane alkawarin ninka kuɗinsu ya rufe, har fusatattu suka far wa ofishinsa a Ibadan. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta mai da Bitcoin kuɗin ƙasa a 2022, ba ta wuce shekara ba ta ja da baya.

Tunda maganar ibada ce, a sani malamai ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Muftin Masar na lokacin, Shauƙi Allam, ya haramta cinikin Bitcoin, majalisar malaman Indunusiya ta hana amfani da kirifto a matsayin kuɗi a 2021, wasu kuma sun halatta da sharuɗɗa.

Ni dai a nawa ganin, mai kamfanin da ya ga lalle sai ya karɓa, to ya rubuta farashi da sefa, ya canza kuɗin a ranar, ya ba da takardar shaidar biya mai hatimi da ke faɗin jikka nawa ya karɓa da jikka nawa zai mayar idan an fasa. Mai sayar da tikitin motar Tawa ko ta Ƙonni kuwa, me ya kai shi?

Bayan mako biyu hajiya ta sake bugowa. Ɗan nata ya sayar da kirifton can Abijan, ya aiko da sefa, ta karɓa a Madawa, ta ƙirga sau biyu, ta kai wa mai kamfani. Takardar tana ƙulle a cikin adaka, tare da fasfo.